Sam Allardyce: "doka gaba" ce kawai, ko akwai lissafi a ƙarƙashi?

"Malam, gardama ta ƙi ƙarewa a gidan kallonmu kan Sam Allardyce. Wasu sun ce bai iya komai ba sai a narka ƙwallo sama, wai Okocha ne ya rufa masa asiri a Bolton. Wasu kuma sun ce gwani ne da aka hana dama. Shin ya ma taɓa buga ƙwallo kuwa? In kuma gwanin ne, me ya sa wasa ɗaya tal ya jagoranci Ingila?"

Ɗan'uwa, tambayarka uku ce a dunƙule: wane irin ɗan wasa ne shi, mene ne ainihin abin da yake koyarwa, sannan me ya raba shi da tawagar Ingila. Ta ukun ce mafi sauƙi, domin ba ƙwallo ce ta kore shi ba. Ta biyun ce ke buƙatar zama, kuma a can ne ɓangarorin gidan kallonku biyu kowa ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi.

Ɗan wasan baya ne, kuma ya daɗe

Ya buga, shekara kusan ashirin ma. An haife shi ranar 19 ga Oktoba 1954 a garin Dudley da ke tsakiyar Ingila, ya shiga Bolton Wanderers yana ɗan shekara 15. Mai tsaron baya ne na tsakiya, dogo mai ƙirar ƙarfi, irin wanda aikinsa sa kai da ture ɗan gaba, ba rarraba ƙwallo ba. Yana cikin tawagar Bolton da ta lashe gasar aji na biyu a kakar 1977/78 ƙarƙashin Ian Greaves. Daga 1980 ya fara yawo: Sunderland, Millwall, Coventry, Huddersfield, ya koma Bolton, sannan Preston inda ya taimaka aka haura daga aji na huɗu a 1987. Ya buga wasa fiye da 500 amma bai taɓa saka rigar tawagar Ingila ba.

A cikin yawon nan akwai zango ɗaya da ya fi sauran tasiri. A 1983 ya yi 'yan watanni a Tampa Bay Rowdies ta Amurka, ƙungiyar da ke amfani da fili ɗaya da Buccaneers masu buga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. A can ya ga abin da babu shi a Ingila a lokacin: masu tausa, masu tsara abinci, likitoci na dindindin, masu duba bidiyon wasa ɗaki guda, da koci na musamman ga kowane sashe na ƙungiya. A Ingilar wancan zamani mutum ɗaya da bokiti da soso shi ne likita. Wannan abin da ya gani ya zauna masa a kai har ya samu inda zai gwada shi.

Aikin horarwa kuwa daga ƙasa ya fara. Mataimakin Brian Talbot ne a West Brom, aka sallame su tare a farkon 1991 bayan ƙaramar ƙungiyar Woking ta fitar da su daga Kofin FA. Sai ya tafi Limerick a ƙasar Ailan, yana bugawa yana horarwa, shugaban ƙungiyar wani limamin coci ne, su biyun suna zagaya gari neman kuɗin biyan 'yan wasa. Ya lashe gasar aji na biyu ta ƙasar a 1992. Blackpool ta kore shi a 1996 saboda ya ci Bradford 2-0 a waje a wasan cike gurbi, aka zo gidansa aka rama 3-0. A Notts County ya faɗi ajin ƙasa a 1997, kakar da ta biyo ya lashe gasar da maki 99, tazarar maki 17 tsakaninsa da na biyu. Ka riƙe wannan a ranka: kafin ya ga Firimiya, ya shafe kusan shekara goma yana koyon yadda ake cin wasa da aljihu wayam.

Abin da ya gina a Bolton

Ya karɓi Bolton a Oktoba 1999 tana aji na biyu, ya haura da ita Firimiya a 2001 bayan doke Preston 3-0 a Cardiff. Tambayar da ke gabansa ita ce: yaya ƙungiyar da ba ta da kuɗin Manchester United ko Arsenal za ta zauna a gasar? Amsarsa ita ce a daina kallon wasa a matsayin abin sha'awa, a mayar da shi lissafi. Yana cikin kociyoyin farko da suka rungumi Prozone, tsarin da ke amfani da kyamarori a kewayen fili yana bin motsin kowane ɗan wasa. Ya tara ma'aikatan bayan fage masu yawa, har da masu nazarin ƙididdiga da masu kula da tunanin 'yan wasa, shi kansa kuma yakan zauna can saman 'yan kallo a zagayen farko da na'ura a kunne, don daga sama ake ganin tazarar da ke tsakanin layin baya da na tsakiya.

Abin da masu nazarinsa suka fitar kaɗan ne, amma a kansa aka ɗora komai. Ƙungiyar da ta hana a ci ta a wasa 16 cikin 38 ba ta faɗuwa. Wanda ya fara zura ƙwallo yana da damar nasara kusan kashi 70 cikin ɗari. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwallaye daga ƙwallon da aka ajiye suke fitowa, wato kwana, bugun tazara da jifa. Kuma bugun da ke lanƙwasawa zuwa raga ya fi wanda ke fita daga ita haɗari.

Ga yadda wannan ke zama aiki a fili. Na farko, ba a yin wasa da ƙwallo a kusa da ragarka, domin duk wanda ya ƙwace ta a nan taku biyu ne ya isa gola. Mai tsaron raga Jussi Jaaskelainen ko ɗan baya zai aika ta gaba, amma ba inda ta ga dama ba: a karkace ake aika ta, zuwa kan Kevin Davies, wanda sau da yawa yakan jingina da ɗan bayan gefe saboda ya fi na tsakiya gajarta. Na biyu, kuma nan ne asirin, ba a damu sosai ko Davies ya ci ƙwallon sama ko bai ci ba. Abin nema shi ne inda za ta sauka. An riga an duba bidiyo an ga wuraren da ƙwallo ta fi faɗowa in an yi karo a sama, sai a dasa mutum biyu ko uku a wurin kafin ta sauko. Kevin Nolan ya ci ƙwallaye da yawa ta haka, yana shigowa daga tsakiya a makare ba mai riƙe da shi. Na uku, ko ba a samu ƙwallon ba, ɗan bayan da aka matsa wa yakan fitar da ita jifa, ko kwana, ko ya yi keta. To an samu abin da ake so ke nan: ƙwallon ajiye a rabin filin abokin hamayya, wadda aka yi ta maimaita ta a atisaye har kowa ya san wanda zai tare gola, wanda zai je sandar kusa, da wanda zai tsaya a bakin yadi na 18 yana jiran ragowa.

In muna nazarin bidiyon irin wannan ƙungiya, ba yawan dogayen ƙwallaye muke ƙirgawa ba. Muna tsayar da hoton a daidai lokacin da ƙwallo ke sama, mu ƙirga riguna nawa na kowane ɓangare ke kusa da inda za ta sauka. In ƙungiyar da ta buga ta fi yawa a wurin, tsari ne. In ɗan gabanta shi kaɗai ne a tsakiyar mutum huɗu, wannan ita ce "doka gaba" ta gaske, ta wanda ya rasa dabara. Bolton ta Allardyce tana cikin kashin farko. Kai ma za ka iya gwada wannan awo a duk wasan da kake kallo.

Batun Okocha

Masu cewa Okocha ne ya rufa masa asiri ba su yi ƙarya ba, sai dai ba su kai zancen ƙarshe ba. Jay-Jay ya zo kyauta daga PSG a 2002 bayan Kofin Duniya, kuma a kakarsa ta farko shi ya ɗauki ƙungiyar a kafaɗa. A Afrilu 2003 ya ɗauko ƙwallo tun daga rabin filinsu ya narka wa West Ham ita, aka tashi 1-0. Ranar ƙarshe ya ci bugun tazara a wasan da suka doke Middlesbrough 2-1. Bolton ta tsira da maki 44, West Ham ta faɗi da 42, maki mafi yawa da wata ƙungiya ta taɓa faɗuwa da shi tun da Firimiya ta koma ƙungiya 20. A Janairu 2004 ya ci Aston Villa bugun tazara biyu a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Lig, 5-2, wanda ya buɗe musu hanyar wasan ƙarshe inda Middlesbrough ta doke su 2-1.

To amma wa ya shawo kan mutumin da PSG ta saya da kuɗi mafi tsada ga ɗan Afirka a 1998 ya zo ƙaramin gari kusa da Manchester? Kuma ba shi kaɗai ba. Youri Djorkaeff da ya ci Kofin Duniya da Faransa ya riga shi zuwa da 'yan watanni. Ivan Campo ya zo daga Real Madrid, Fernando Hierro ya biyo a 2004, sai Gary Speed da El Hadji Diouf, sannan Nicolas Anelka a 2006. Dabarar ita ce a nemo manyan 'yan wasan da shekaru suka fara ja, ko suka ɓata da ƙungiyoyinsu, galibi a same su kyauta ko aro, a biya su albashi mai kyau na gajeren kwantiragi, sannan sashen lafiya ya ƙara musu kaka biyu ko uku a ƙafa. Campo da Hierro duk 'yan bayan tsakiya ne a Madrid. Allardyce ya ga gudu ya ragu amma ido da ƙafa suna nan, sai ya matsar da su gaban 'yan baya, inda ba sai sun yi tsere da kowa ba, su ne kuma ke aika waɗancan dogayen ƙwallayen daidai kan mutum.

Shi kansa Okocha an ba shi 'yanci, amma a rabin filin abokan hamayya, kuma an ɗora masa kyaftin. Wani abin da masu tuna yankansa ke mantawa: shi ne ke yin doguwar jifa zuwa cikin yadi na 18. Mutumin da ya fi kowa iya sarrafa ƙwallo a ƙungiyar, ga shi yana goge ta da riga a bakin layi zai wurga wa Davies. Wannan hoton kaɗai ya isa ya nuna maka cewa gwaninta da tsari tare suka yi aiki. Sakamakon: ta 8 a 2004, ta 6 a 2005 da maki 58 daidai da Liverpool wadda ta ci Kofin Zakarun Turai a shekarar, da tikitin gasar Turai na farko a tarihin Bolton. Magoya bayan Arsenal na gidan kallonku su tuna filin Reebok na Bolton: a Afrilu 2003 suna gaba 2-0 aka farke 2-2, abin da ya taimaka kofin ya tafi Manchester, kuma sun sha kashi a can a kakanni uku a jere bayan ta 2003/04. Okocha ya bar ƙungiyar a 2006, duk da haka tana ta 5 a teburi lokacin da Allardyce ya ajiye aiki a Afrilu 2007.

Inda tsarin ke tsayawa

Masu cewa an hana shi dama su ma sai su yi haƙuri su ji. An ba shi Newcastle a 2007, ya yi wata takwas aka rabu. Gaskiya ne sabon mai ƙungiya Mike Ashley ba shi ya ɗauko shi ba, amma matsalar ta fi haka. Tsarinsa an gina shi ne don ƙungiyar da abokan hamayya ke fitowa su kai mata hari. In ka zama babba, ƙananan ƙungiyoyi su ne za su koma baya su cika yadi na 18 da mutum tara, su bar maka ƙwallo. A nan doguwar ƙwallo ba ta da filin sauka, kuma sai an iya buɗe tsaro da gajerun ba-ni-in-ba-ka, abin da ba a kansa atisayensa ya ginu ba. Haka kuma in aka riga shi zura ƙwallo, lissafin nan na kashi 70 ya juya kansa, dole ya buɗe bayan da ya kwana yana rufewa.

Akwai kuma 'yan kallo. Mai goyon bayan Bolton zai karɓi 1-0 ko ta yaya ta zo. Na West Ham ba haka ba. Ya haura da su Firimiya a 2012 ta hanyar doke Blackpool 2-1 a Wembley, ya zaunar da su na 10, na 13 da na 12, amma a Maris 2014 sun yi masa ihu bayan sun ci Hull 2-1, shi kuma ya kara hannu a kunne yana mamaki. A watan Janairun shekarar ne José Mourinho ya kira wasansa na ƙarni na 19 bayan canjaras 0-0 a Stamford Bridge. A Everton ya karɓe ta tana ta 13 a ƙarshen 2017, ya gama ta 8, aka sallame shi duk da haka, domin ƙungiyar tana cikin na ƙarshe a gasar wajen kai hari raga. A can ne Ademola Lookman, yana matashi ba ya samun wasa, ya dage sai da ya tafi aro RB Leipzig ba da son kocin ba. Wannan ma wani rauni ne: wanda aka ɗauko don maki na yau ba ya cika haƙuri da yaron da zai nuna gobe.

Abu na ƙarshe, fifikon da ya samu a Bolton na sanin abin da wasu ba su sani ba ne. Zuwa 2015 kowace ƙungiyar Firimiya tana da ɗakin nazarin bidiyo da masana abinci, wasu daga cikin ma'aikatansa na Bolton ma manyan ƙungiyoyi sun ɗauke su. Yau Arsenal ɗin da ta sha wuya a hannunsa tana da koci na musamman don bugun kwana.

Aikin ceto, da sharuɗɗansa

Bayan Newcastle sunan da ya bi shi shi ne mai ceton ƙungiyar da ke nutsewa, iya ruwa fid da kai. Ya yi a Blackburn a 2008/09, a Sunderland a 2015/16, a Crystal Palace a 2016/17. Matakan kusan iri ɗaya ne ko'ina: a matso da layin baya kusa da gola, a rage tazara tsakanin layuka, a ba kowa aiki ɗaya bayyananne, a gyara tsaron kwana, sannan a jira kasuwar Janairu a sayo ƙashin baya. A Sunderland, wadda ya tarar da maki 3 a wasa 8, ya kawo Lamine Koné, Jan Kirchhoff da Wahbi Khazri, Jermain Defoe kuma ya ci ƙwallo 15. Suka tsira da doke Everton 3-0, Newcastle ta faɗi. A Palace ya kawo Luka Milivojevic da Mamadou Sakho, suka doke Chelsea, Arsenal da Liverpool cikin wata guda.

Maganin yana da sharaɗi uku: lokacin atisaye, kasuwa guda, da ɗan gaba ɗaya mai cin ƙwallo. A West Brom a 2020/21 ya samu kasuwa, ya ma ci Chelsea 5-2 a Landan, Semi Ajayi kuma ya farke musu 1-1 a Anfield, amma ramin ya yi zurfi kuma tawagar ba ta kai ba, ya faɗi daga Firimiya karon farko. A Leeds a Mayu 2023 wasa huɗu aka ba shi, ba kasuwa, ba lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maki ɗaya ya samu. Ita ce ƙungiyarsa ta tara a Firimiya, babu kocin da ya kai haka.

Kwana 67 a Ingila

Ya nemi aikin tun 2006 aka ba Steve McClaren. Ya samu a Yuli 2016 bayan Iceland ta fitar da Ingilar Roy Hodgson daga gasar Turai. Wasansa ɗaya shi ne na 4 ga Satumba a Slovakia, Adam Lallana ya ci a minti na 95, 1-0. Makonni uku bayan haka jaridar Daily Telegraph ta saki bidiyon da wakilanta suka ɗauka a ɓoye, sun yi shigar 'yan kasuwa daga gabashin Asiya. A ciki an ji shi yana magana kan yadda ake kewaye dokar da ta hana wani ɗan kasuwa mallakar kaso a ɗan wasa, dokar da hukumar FA ta kafa a 2008, FIFA ta bi a 2015. An kuma ji ana tattauna fam 400,000 na zuwa yin jawabai, ya kuma yi wa Hodgson ba'a. Ranar 27 ga Satumba suka rabu da FA. Ba a gurfanar da shi a kotu kan lamarin ba, amma hukumar da ke hukunta masu karya doka ba za ta iya riƙe kocin da aka ji yana bayanin hanyar kauce mata ba. Baki shi ke yanka wuya. Gareth Southgate, wanda shi ne kyaftin ɗin Middlesbrough da ta hana Bolton kofi a 2004, ya gaji kujerar.

Ko da zai yi nasara da Ingila? Minti 90 da Slovakia, wadda ta ƙarasa wasan da mutum goma, ba hujja ba ce ta kowane ɓangare, kuma duk wanda ya ce maka ya tabbata, son rai ne. Ra'ayina dai shi ne gasar ƙasashe, inda ake da 'yan kwanaki na atisaye kuma wasa ɗaya ke fitar da kai, ta fi dacewa da irin tunaninsa fiye da babbar ƙungiyar da dole ta mamaye wasa 38. Ingilar Southgate ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 2018 da ƙwallaye 12, tara daga cikinsu daga kwana, bugun tazara da fenareti suka fito.